Neman Kabarin Yaya a Gondar

Mun tashi da asuba ranar Asabar, kashegarin kasuwar Wudil, bayan an gama cire gyaɗa a shekarar 1955. Mu uku ne: ni, da wani dattijo abokin marigayi mahaifinmu wanda ya taɓa zuwa Makka da ƙafa har sau biyu kuma yana jin Larabcin Sudan, da wani mahauci ɗan Kausani mai niyyar hajji. Motar Barno ta tsaya mana a bakin gada, muka hau bisa kaya. Ni ba hajji na nufa ba, ba kuma fatauci ba. Ƙasar Habasha za ni neman kabari.

Tun da na dawo mutane ke tare ni a masallaci da kasuwa, kowa na ba shi guntun labari, har labarin ya soma karkacewa a bakin mutane. Saboda haka zan jera shi daki-daki yadda ya faru, har da wurin da ni ne mai laifi.

Aikina a En'e shi ne duba ma'aunin ruwa a gindin gada. Kullum ƙarfe shida na safe sai in rubuta kwanan wata, sannan in rubuta tsayin ruwa. Shekara goma sha ɗaya ban tsallake rana ba. Karatuna bai wuce elemantare ba, amma a gidanmu ni ne mai agogo, ni ne mai kalanda, kuma in na faɗi lissafi ba a ja da ni.

Yayana Haruna ya tafi hajji ina ɗan shekara goma sha biyu. Shekara ashirin da biyu ba mu ji ɗuriyarsa ba. Sai bara da bazara wani alhaji mai komowa ya kawo takarda. Shi ma wani ya ba shi a hanya, bai san yaushe aka rubuta ta ba. Ta yi dauɗa, ta tsattsage a wurin ninki, da Larabci aka rubuta. Liman ya karanta mana: daga Haruna ce, yana wani gari Gondar a ƙasar Habasha yana ɗinki, ƙafarsa ta kumbura yana kwance, yana roƙon wani ya zo ya ɗauke shi ya ga Inna. A ƙasan takardar akwai lamba, 1947. Liman ya ce shi shekarar Hijira ya sani, ya miƙo mini. Na ɗebe 1947 daga 1955, saura takwas.

Na ce takarda ta shekara takwas a hanya. Na ce mutumin da ƙafarsa ta kwantar da shi shekara takwas da suka wuce, bai sake aiko da ko gaisuwa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Na maimaita haka a gaban alƙali. Aka yi sadaka, aka raba gumba. Gonarsa ta Lajawa, wadda ya gada a wurin mahaifinmu, aka raba, mafi yawanta ya faɗo hannuna, na shuka gyaɗa.

Inna kaɗai ta ƙi cin gumbar. Idonta ya mutu shekara huɗu ke nan. Yaya ɗan farinta ne, saboda haka tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta ce mini, "Auta, lissafinka na takarda ne. Ni ban ji mutuwar wancan a jikina ba. In ya mutu, je ka ka tsaya a kan kabarinsa, ka dawo ka gaya mini da bakinka."

Na ce kabari ba ya gudu, a bari damina ta wuce. Wata bakwai na zauna. Sannan na nemi hutun wata shida ba albashi, na yi fasfo a Kano, na sayi goro na guzuri, muka tashi.

Kwana uku muka yi zuwa Yerwa. Daga can muka ƙetare kogi a jirgin fito muka shiga Fallomi, ƙasar da Faransa ke mulka. Na leƙa ma'aunin ruwansu, na tarar ya karkace, ba wanda ya damu. Daga Fallomi zuwa Abashe mota ta kafe a yashi sau goma sha huɗu, na ƙirga, kuma kowane karo mu da muka biya kuɗin mota mu ne muka tura ta. A Jinaina, bakin ƙasar Sudan, aka tsare mu kwana tara aka yi mana allura. Abincin Sudan kisira ne, wata irin waina mai faɗi siririya, da miyar busasshiyar kuɓewa, da shayi safe da yamma. Goro kuwa, yadda kake ƙara gabas haka yake ƙara daraja. Ƙwayar da za ka miƙa wa maƙwabci kyauta a Wudil, a Fashir ta Sudan ita ce kuɗin abincin rana na mutum biyu. Mahaucinmu ya ce da ya sani da ya sayar da wuƙaƙensa ya sayi huhun goro guda.

Abin da ya fara girgiza ni shi ne yawan Hausawan da ke zaune a hanya. Ana kiransu 'yan Takari. Sun fito hajji, wasu tun zamanin kakanni, guzuri ya ƙare, suka tsaya noman auduga don su tara na gaba, har yau suna tarawa. Na ga garuruwa sukutum da ba a jin komai sai Hausa. Kowa ka tambaya sai ya ce baɗi zai wuce. Na tuna da Yaya, na ce ashe haka aka yi.

A Lubayya muka shiga jirgin ƙasa. A Gadarif muka sauka ni da dattijo, mahauci ya zarce bakin teku. Muka yi masa addu'a, ya yi mana ta'aziyya tun da wuri.

Kwana arba'in da bakwai da barinmu gida muka iso iyaka. Wani busasshen rafi ne kawai: wannan gaɓa Sudan, waccan gaɓa Matamma, ƙasar Habasha. A nan na soma ƙirga abubuwan mamaki a littafina.

Na farko, a ofishin iyaka ban ga Bature ba. Baƙin mutum ne a kan kujera, baƙin mutum ne ke ba shi umarni. Na sa dattijo ya tambaya ina Di'o. Suka ce babu. Ina Razdan? Babu. Sarkinsu ne ke mulkin ƙasarsa tun daga sama har ƙasa. Na biyu, rubutunsu ba boko ba ne, ba ajami ba ne, nasu ne na kansu, baƙaƙen kamar tururuwa sun yi sahu kowace da irin ƙafafunta. Na uku, da ma'aikacin ya gama cika mini takardar shiga, na duba cikin tururuwan nan na ga lamba: 1948. Mu kuwa mun shiga 1956 da 'yan kwanaki. Na ɗora yatsa a kan lambar, na rubuta masa 1956 a tafin hannuna. Ya duba, ya yi dariya, ya girgiza kai, ya buga hatimi ya miƙo mini. Na fito ina ce wa dattijo, "Ka ga ƙasar da babu Bature ke nan. Ko shekarar da suke ciki ba su sani ba."

Na rubuta wannan magana ce don in kunyata kaina. Allah ya ajiye mini aya a tafin hannu, ban gani ba.

Muka sauka a gidan wani Batakari, asalin kakansa mutumin Haɗeja. Direban motar Gondar ya ce gobe ƙarfe biyu za a tashi. Na ce wa dattijo ya huta, akwai lokaci. Muka yi wanki, muka ci abinci, ƙarfe ɗaya da rabi na rana daidai muka isa tasha. Babu mota. Wai ta tashi tun da hantsi. Na ciro agogona ina nuna wa duk wanda ya tsaya. Mai masaukinmu ya janye ni gefe.

"Malam, mayar da agogonka aljihu. A nan daga fitowar rana ake soma ƙirga. Rana ta yi awa ɗaya da fitowa, ƙarfe ɗaya ke nan. Ƙarfe biyunsu shi ne takwas ɗinka na safe."

Na ce, "Wannan ai ɓata ne."

Ya ce, "Kai da ka soma ƙirgar yini lokacin da kowa ke minshari, kai ne a kan hanya?"

Kwana shida muka zauna jiran wata motar.

Daga Matamma hanya sai hawa. Ni ɗan Wudil, dutsen da na sani shi ne wanda yaro ke hawa ya sauko kafin a kira salla. A can mota ta wuni tana kewaya dutse ɗaya, ka leƙa gefe ka ga shaho yana shawagi a ƙarƙashinka. Dattijo ya rufe ido ya kama carbi bai sake ba sai da muka kai tudu. A sama kuwa ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai sanyi, sanyin da ke shiga haƙori da rana tsaka. Kowane manomi da shanunsa biyu na huɗa, ban ga mai duƙawa da garma a hannu ba. Alfadarai sun fi jakuna yawa. Mata a baya suke goya tulu, ba sa ɗorawa a ka. Maza da mata kowa ya lulluɓa da farin mayafi na auduga, in ka hango su daga nesa a kan tudu sai gabanka ya faɗi, kamar masu likkafani sun tashi.

Da azahar mota ta tsaya a wani ƙauye. Na hangi wani tsoho a gindin itace da farin rawani, da gemu, da littafi a cikin gafaka rataye a kafaɗa. Na ce alhamdulillahi ga malami. Na je na durƙusa na yi masa sallama, na yi masa alama ina neman alƙibla. Tsohon ya yi murmushi, ya sa hannu cikin mayafi, ya fito da gicciye na ƙarfe ya miƙo mini dab da baki. Na ja da baya har na yi tuntuɓe da dutse na zauna. Dattijo ya yi dariya har da tari. Ashe limamin coci ne. Ni a zatona duk Kiristan duniya Bature ne ya koya masa. Aka ce mini waɗannan suna kan addininsu tun kafin kakannin Ingilishi su ji labarinsa. Suna tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin ibadarsu, ba sa cin alade, suna azumi mai yawa, littattafansu a kan fata suke da rubutun hannu. Dattijo ya tuna mini cewa wannan ce ƙasar da sarkinta ya ba sahabban Manzon Allah mafaka lokacin da aka matsa musu a Makka. Na san labarin tun ina makarantar allo, amma ban taɓa ɗauka ƙasa ce da ake zuwa a mota ba. Daga nan na daina sa wa abubuwan mamaki lamba.

Rana ta biyu da la'asar muka shiga Gondar. Muka ratsa kasuwa, na ga maza zaune sun kewaye cinyar sa, kowa da wuƙa, suna yanka ɗanyen nama suna dangwala barkono suna ci, ko wuta bai gani ba. Na kau da kai, na ce gara da mahaucinmu ya bi ta teku. Musulmi suna da unguwarsu a gangare kusa da rafi, da mahautarsu daban. Can muka nufa.

A ƙofar masallaci muka tarar da mutane zaune. Bayan gaisuwa dattijo ya ce musu da Larabci mun zo daga ƙasar Kano, muna neman a nuna mana kabarin Haruna Batakari, maɗinki. Suka dubi juna. Wani ya dafe kai ya yi salati, ya tambaya yaushe. Na ce a gaya masa shekara takwas. Sai gardama ta kaure a tsakaninsu da harshensu, wannan na nuna can, wancan na tafa hannu. Ni kuwa ga gajiya, ga yunwa, na ɗauka wasa suke da mu. Na ɗaga murya da Hausa na ce wa dattijo, "Gaya musu ba wargi ya kawo mu ba. Wata biyu muna tafiya. Maƙabarta muke tambaya, in ba su sani ba su ce ba su sani ba."

A ƙetaren lungun akwai wata rumfa da keken ɗinki ke ƙara a ciki. Sai ƙarar ta tsaya. Wata murya ta ce da Hausar Wudil tsantsa, "Wane ne wannan mai faɗa da muryar Baba?"

Na juya. Mutum ne ya fito yana dogara sanda a hammata. Ga zanen gidanmu a kumatunsa. Ga wushiryar Inna. Ƙafar wandonsa ta hagu an naɗe ta an ɗinke a gwiwa, babu komai a ƙasa.

Ni dai na san na sami kaina zaune a ƙasa, hulata a gefe.

Ya matso ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Auta ne?"

"Ni ne, Yaya."

"Ka yi tsawo. Inna fa?"

"Tana nan da ranta."

Sai a nan ya saki sandar ya zauna kusa da ni, ya rufe fuska da hannun riga. Da ya natsa ya ce, "To me kake nema a maƙabarta?"

Aka kai mu gida. Matarsa ta rasu da daɗewa. 'Yarsa guda ce, tana auren ɗan maƙwabcinsa, ita ta zo ta soya gahawa a gabanmu, ta daka, ta dafa a wani ɗan tulu mai dogon wuya, ta sa turaren wuta. Sau uku ake zubawa, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Maƙwabcin nan, wani malami Bahabashe, shi ne ya rubuta takardar. Ni kuwa ko a wannan hali ban bar halina ba. Na ciro takardar na shimfiɗa a gabansa, na ce Yaya ya tambaye shi don me ya rubuta shekarar ƙarya.

Malamin ya duba ya ce babu ƙarya, bara ya rubuta ta, wata goma sha ɗaya ke nan. Na ce bara 1955 ce. Ya tashi ya shiga gidansa, ya ciro kalandarsa daga bango ya kawo ya ajiye mini. A samanta an rubuta 1948. Na ƙirga watannin da yatsa. Goma sha uku. Na sake ƙirgawa. Goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, da wani ɗan ƙarami mai kwana biyar ko shida a ƙarshe. Yaya ya ce, "Haka ƙasar take, Auta. Lissafin limaman cocinsu daban yake da na Turawa tun fil azal. Suna bayan kalandarka da shekara bakwai, wani lokaci takwas. Kowa a nan da ita yake aiki, Musulmi da Kirista. Ni ma na manta akwai wata."

Na tuna ma'aikacin iyaka da dariyarsa. Takardar ba ta fi wata biyu a hanya ba. Ranar da na tsaya gaban alƙali na ce ya mutu, yana nan kwance yana sauraron ƙarar mota.

Yaya da kansa ya ba ni sauran labarin, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ƙusa ce ta soke shi. Da ya aika takardar, maƙwabta suka yi ta fama da shi ya je asibitin garin, ya ƙi. Ya ce ƙaninsa na nan tafe, gida za a kai shi a yi masa magani a gaban uwarsa. Duk ranar da motar Matamma za ta shigo sai ya sa a fito da shi ƙofar gida. Haka har damina ta sauka hanya ta rufe. Kafin damina ta ɗauke, ƙafar ta ruɓe, aka ɗauke shi ba ya cikin hayyacinsa, aka yanke. Na yi lissafin da na iya. Da na taso a makon da takarda ta zo, da na iske shi da ƙafa biyu, kuma da na kai shi asibitin nan ko yana so ko ba ya so.

Na ce, "Yaya, akwai magana." Na gaya masa komai bi da bi: lambar, da alƙali, da sadaka.

Can ya ce, "Gumba aka yi ko waina?"

"Gumba."

"Da zuma?"

"Da sukari."

"Ashe ko a mace sai da ka yi mini rowa. Ka ci?"

"Na ci."

"Inna fa?"

"Ta ƙi."

Ya gyaɗa kai. Sannan na faɗi maganar gona. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya tambaya me na shuka, na ce gyaɗa. Ya tambaya ta yi, na ce ta yi. Ya ce, "To kuɗinta ne ya kawo ka nan. Ni na ɗauki nauyin zuwa neman kabarina." Ya shafa gwiwar nan da aka ɗinke. "Gonar kuwa riƙe abarka. Da wace ƙafar zan nome ta?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka kawo abinci a faifai guda babba. Injera suke kiransa, kamar sinasir ne mai faɗin tabarmar salla, mai tsami, da ƙananan ramuka, ana yinsa da wata ƙwaya da ta fi acca ƙanƙanta. Shi ne tuwon, shi ne akushin, shi ne cokalin. Miyar kuwa barkono ne aka ɗan sa wa nama. Ina zaune na kasa kai hannu, sai malamin nan da na kira maƙaryaci ya naɗe loma ƙatuwa ya nufo bakina da ita. Na kauce. Ni magidanci mai 'ya'ya huɗu a ba ni a baki? Yaya ya ce, "Buɗe, Auta. A nan wanda ya ba ka a baki ya nuna ba ya riƙe da kai. In ka ƙi ka ci mutuncinsa." Na buɗe. Hawayen da suka zubo na ce na barkono ne.

Mako biyu muka yi muna shirin tafiya. Yaya ya sa aka kai ni na ga gidajen sarakunansu na dā, benaye na dutse masu hasumiya a cikin ganuwa, an ce sun haura shekara ɗari uku, kuma ba Bature ya gina ba. Na auna kaurin bango ɗaya da hannu, kamu huɗu. Ya nuna mini gine-ginen Turawan Italiya a tsakiyar gari. Ya ce yana sabon zuwa suka shigo da jiragen sama, suka yi shekara biyar, aka fitar da su. Mutanen ƙasar ba sa kiran wannan mulki, suna cewa baƙi ne suka daɗe. Na kuma ga babban bikin Kiristocinsu na ruwa. Gari duka ya fito da fararen kaya, limamai a ƙarƙashin laima masu ado ɗauke da wani abu lulluɓe a ka, ana kaɗa manyan ganguna ana rangaji har bakin wani tsohon kududdufi na dutse. Musulmin unguwarmu suka tsaya gefen hanya suna kallo, wasu na gaisawa da maƙwabtansu a cikin jerin. Ba wanda ya harari wani.

Ranar tashi direba ya ce ƙarfe ɗaya. Ƙarfe shida da rabi na safe a agogona muna tasha. 'Yar Yaya ta riƙe rigarsa har mota ta soma tafiya. Ya yi mata alkawari in Allah ya ba da iko zai komo. Ban sa baki ba, na daina yanke hukunci a kan abin da ke gaba.

Komowa ta ɗauke mu wata biyu da kwana huɗu, don hawa mota da sauka da ƙafa ɗaya aiki ne. A yashin Abashe ni ke goya shi in an ce a sauka a tura. Ya ce ya taɓa goya ni zuwa kasuwar Achika, yanzu mun yi daidai. Ba mu yi daidai ba.

Muka sauka a bakin gadar Wudil da hantsi, saura 'yan kwanaki azumi. Wata tsohuwar unguwarmu da ta ci gumbar ta gane shi, ta saki ƙwaryar nononta. Ban tsaya yi wa kowa bayani ba, muka wuce gida.

Inna na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta karkata kai ta ce, "Sandar wa nake ji?"

Na ce, "Inna, ban sami kabari ba."

Yaya ya ajiye sanda ya zube a gabanta ya gaishe ta. Ta kau da fuska gefe kamar yadda ta saba yi masa tun yana yaro, ba ta amsa ba. Amma hannunta ya fita da kansa. Ya sami fuskarsa, ya bi zanen, ya sauko kafaɗa, ya kai gwiwa. A nan ya laluba gaba bai sami komai ba. Ta damƙe naɗin wandon nan ta riƙe.

Da ta yi magana da ni ta yi. "Auta, ka ce a kawo wa baƙon nan ruwa." Na juya zan tafi, ta ce, "Auta."

"Na'am, Inna."

"Wace shekara muke ciki?"

Na ce, "Sai na tambaya, Inna."

Ta ce, "To."

Kashegari na je gaban alƙali na janye maganata a gaban waɗanda suka ji ta da farko. Aka mayar wa Yaya gonarsa. Ni zan riƙa nome masa ita, amfanin nasa ne. Na saya masa keken ɗinki na hannu, yana rumfa a bakin kasuwa.

Ga abin da tafiyar nan ta koya mini, a jere. Na ɗaya, akwai baƙaƙen mutane a gabas da ke da sarkinsu, da rubutunsu, da agogonsu, da shekararsu, ba su ari ko ɗaya a wurin kowa ba. Na biyu, duk wanda takarda ta zo masa daga nesa, ya tambayi shekarar wa aka rubuta kafin ya ɗebe. Na uku, in takarda ta ce a zo, a tafi a makon, a yi lissafin a hanya. Ban yi kuskure a ɗebewa ba, takwas ce ta rage. Kuskurena shi ne na ɗauka kalandar da ke bangon ɗakina ita kaɗai ce a duniya.

Na koma bakin aikina. Kullum ƙarfe shida na safe ina gindin gada, in rubuta kwanan wata, in rubuta tsayin ruwa. Sai dai yanzu a ƙarƙashin 1956 ina ƙara 1948 da ƙananan baƙaƙe. Babban malamin ofishinmu ya tambaye ni ko mene ne, na ce tunatarwa ce. Kafin in rufe littafin nakan ji ƙarar sandar Yaya a kan hanya, zai tafi buɗe rumfa.